Rufin gida a Tawa: shebron fari, katako ja, azara ko ƙarfe?

Ɗan_Adar

Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah masu sanin harkar gini da katako ku ba ni shawara. Ina gina ma tsohuwarmu ɗaki biyu da salo nan Tawa, ginin bulo na sima, yanzu mun kai wurin zuba shenaj na sama, wato ɗamarar sima da ƙarfe da ke zagaye kan bango, daga nan sai rufi. Salon faɗinshi metir 4, tsawo metir 6, ɗakunan kuma 3 da rabi kowane.

To kowa da abin da yake gaya mani. Maso ya ce in sayo shebron fari, wato sandar katako mai santimetir 8 bisa 8, a jera daga bango zuwa bango a buga tol a wuce wurin, wai haka kowa ke yi. Mai walda ya ce katako ya zama tsohon yayi, gara na nan tana jira, in sa tib kare, bututun ƙarfen nan mai kusurwa huɗu. Kawuna kuma ya ce duk mu bar wannan, a nemo azarar giginya daga Gaya, ɗakin kakanmu da ita anka rufe shi kuma har yau shina tsaye. Ni kuɗin ba yawa gare su ba, kuma tsohuwa ce za ta kwana ciki, ba ni son abin da iskan farkon damana zai yaye ko ya lotsa bisa kanta.

Sai abu na biyu. Ƙofar katako da anka yi ma ƙanwata cikin watan Agusta, lokacin da anka kawo ta allunan sun haɗe tsaf ko allura ba ta shiga, amma kafin Janairu ya ƙare sai da tsakaninsu ya buɗe har kana hangen tsakar gida, ɗaya allon ma ya kantare. Laifin manizi ne ko laifin iccen? Don ƙofofin wanga gida ma ina so in yi su na katako in zai yiwu.

Manizi_Yamai

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah shi saka maka da alheri bisa wannan hidima ta uwa. Bari in fara da ƙofar tunda nan ne sana'ata.

Katako ko an sare shi an tsaga shi bai daina shan danshi da fitar da shi ba, kullum yana bin iskan wurin da yake. Mafi yawan wanda muke aiki da shi daga kudu yake zuwa, Nijeriya, Benin, Gana, Kodibuwa, can ko ya bushe iya bushewarsa akwai sauran ruwa a jikinsa kamar kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari don iskansu mai laima ne. Ka kawo shi Tawa cikin hunturu, sai ya sauka har wajen kashi 5 ko 6. Ruwan nan da ya fita dole jikin ya tsuke. Allo mai faɗin santimetir 30 yana iya rasa mili 6 zuwa 8 a faɗinsa, ka jera uku a ƙofa ɗaya ka ga kusan santimetir 2 sun tafi. A tsawo kuwa kusan ba ya motsi, shi ya sa ƙofar ba ta gajarce ba, tsakanin allunan ne ya buɗe. Kantarewar kuma daga yankan take, icce ya fi tsukewa ta zagayen zobensa bisa ta tsakiya zuwa baya, kusan ninki biyu, to allon da aka yanko daga gefen gungume sai fuska ɗaya ta ja fiye da ɗayar, ya lanƙwashe. Ka duba bakin allo kafin ka saya, in layukan sun tsaya tsaye daga fuska zuwa fuska wannan mai natsuwa ne, in sun kwanta kamar baka zai motsa.

Laifin manizin shi ne ya yi aiki da ɗanye cikin damana kuma bai yi wa allunan harshe da rami ba, da ya yi, ko sun tsuke ba za a hangi waje ba. Kai abin da za ka yi, sayi allunanka yanzu, ka jera su a inuwa, a ɗaga daga ƙasa, ka sa ƴan sanduna tsakanin kowane allo da na samansa don iska ya ratsa, ka ɗora nauyi a kai, ka shafa wa bakunan fenti don ta baki yake saurin bushewa ya tsage. Kar ka shanya a rana wai don ya yi sauri, tsagewa zai yi. Ya sha hunturu guda sannan a yi ƙofar.

Maganar fari da ja kuma. Farin nan da muke cewa samba, marar nauyi ne, yana da daɗin zarto, yana karɓar ƙusa ba ya tsagewa, amma wallahi gara da ƙwaron nan mai zubo da gari ba su da abincin da ya fi shi. Mu a nan kasuwar Katako ta Yamai wa masu kofraj (allunan da ake zuba beto ciki) muke sayar da shi da masu plafo (silin ɗaki). Ja irin iroko ko maɗaci shi ne na aikin da ake so ya daɗe, amma shi ma zuciyar ce ke ƙin gara, farin gefen nan da ke kusa da ɓawo ci take kamar samba. Kuma ka yi hattara, akwai masu shafa wa katako kala su ce ja ne. Ɗaga ka ji nauyi, ka kankare gefe da wuƙa ka ga ciki, ka danna farce, in ya shiga da sauƙi ba shi ba ne.

Issa_BTP

Sannu da aiki malam manizi, bayanin danshi ya fita sosai. Ni zan taɓa lissafin rufin, don shawarar mason nan ta tayar mini da hankali.

Idan aka ce abu yana da ƙarfi, magana biyu ce. Akwai ƙin karyewa, akwai ƙin yin ciki. A rufi yawanci yin cikin ne ke fara ba da matsala tun kafin a zo ga karyewa, tol ya lotsa, ruwa ya kwanta, ramin ƙusa ya buɗe, yoyo ya fara, katako ya jiƙe, gara ta samu hanya.

Ga lambobin. Kubik ɗaya na samba kilo 380 ne kusan, iroko wajen 650, beto 2400, ƙarfe 7850. Wajen ƙin lanƙwasa ƙarfe ya ninka samba kusan sau 30, ya ninka iroko kusan sau 17 zuwa 20. Mutum zai ji wannan ya ce shi ke nan ƙarfe ya gama magana, amma ba haka ba ne, domin siffa da kauri suna da nasu hukuncin. Ɗauki katakon iroko 8 bisa 16 ka tsayar da shi bisa gefensa, nauyinsa kilo 8 da ɗan kai kowane metir, IPN 100, wato dogon ƙarfen nan mai siffar harafin I mai tsayin santimetir 10, shi ma kilo 8,3 ne kowane metir, kuma wajen ƙin yin ciki sun yi kusa da juna ƙwarai. Wato kilo da kilo icce mai kyau ba ya jin kunyar ƙarfe. Inda ƙarfe ya fi shi shi ne ba ya da ƙulli, ba ya da ruwa, gara ba ta san shi ba, kuma ba ya ci gaba da lotsawa. Katako in ka ɗora masa kaya ya daɗe, cikin da ya yi ranar farko yana iya ninkawa bayan shekaru, in ɗanye aka ɗora ma ya fi haka.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne tsayin katakon, wato daga ƙasansa zuwa samansa yadda aka ɗora shi. In ka ninka faɗi, ƙin yin ciki ya ninka sau 2 kawai. In ka ninka tsayi, sau 8. Katako 5 bisa 15 a tsaye ya fi kansa a kwance sau 9, icce ɗaya kuɗi ɗaya. Haka ma nisan bango da bango, mutum ɗaya ya tsaya tsakiyar katako, in ka ninka nisan cikin ya ninka sau 8.

Yanzu salonka. Shebron samba 8 bisa 8 a kan metir 4, mai buga tol mai kilo 80 ya taka tsakiya, zai sauka kusan santimetir 4 da rabi. Shi wannan shebron ɗin a kan metir 2, mili 6 bai cika ba. Kuma wannan in 8 ɗin ta cika ke nan, je da metir ɗinka kasuwa ka auna, da yawa 7 bisa 7 za ka tarar, kuma santimetir ɗayan nan da ya ɓace ta kowane gefe ya tafi da kashi 40 cikin ɗari na ƙin lanƙwasar. Don haka a'a, kar a jera shebron daga bango zuwa bango a metir 4, ko a 3 da rabi ma ban yarda ba.

Ɗan_Adar

Na gode ƙwarai yayyena, wallahi kun buɗe mani ido. To Malam Issa in na ɗora shebron biyu ɗaya bisa ɗaya ba ya zama 8 bisa 16 ke nan ba? Don shi ya fi sauƙin samu nan. Kuma baƙin mai na mota da ake shafawa, shina hana gara da gaske?

Baba_na_Gaya

Yaro kawunka bai yi ƙarya ba, amma giginyar da anka rufe ɗakin kakanku da wadda za a kawo maka yau ba lalle su zama ɗaya ba. Ni nan cikin giginya na tashi, Dallol Mauri. Giginya ba kamar sauran itatuwa take ba, su zuciyarsu ce mai ƙarfi, ita kuwa bayanta ne. Baƙin nan na waje mai jijiya kamar waya, na gindin tsohuwar giginya, galibi namiji, shi ne azarar ƙwarai, gara ba ta cin shi, zarto ma da ƙyar. Cikinta kuwa taushi gare shi, ruɓewa yake. Daga inda ta yi tumbi zuwa sama ba a ɗaukar shi da daraja. Mutanen da sai ta tsufa ƙwarai suke sara, yanzu ko ana sare ƙarama a haɗa maka da farin ciki a ce azara ce. In ka ga farin ya fi baƙin yawa bar ta. Kuma sara sai da izinin ma'aikatan gandun daji, in babu takarda kana iya asarar kuɗinka bisa hanya tun ba ta kai Dosso ba.

Sannan azara ba ta son ƙusa, tsagewa take ta bi jijiya, ɗaure ta ake yi. Ka ɗauki damin kara, in ka ja shi ta tsawo ko ka dogara shi tsaye shina da ƙarfi, amma ka cusa abu tsakani sai ya rabe, to haka jikin icce yake, giginya kuwa ta fi kowa. Shi ya sa ba ta dace da tol ba sai da dabara.

Magina na da sun san iyakarta. Ba su shimfiɗa ta a kwance ta wuce kamar metir 2 in ƙasa za a ɗora, sai su yi ginshiƙi tsakar ɗaki ko su fito da ita daga bango hawa hawa, ko su yi baka. Kai da ke Tawa ba ka da nisa da garin Yama, tahi ka ga masallacin Juma'a da magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, wanda ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Ka ɗaga kai ka duba bakunan nan, sanduna ne anka ɗaure anka lulluɓe da laka, ba wani dogon gungume ciki, ga ginshiƙai kusa da kusa suna karɓar nauyin. Mutumen nan ya san abin da icce ke iyawa da abin da ba ya iyawa.

Rufin ƙasa nauyi ne da shi ba kaɗan ba, kauri santimetir 20 bisa ɗaki 4 bisa 4 ya haura tan 5, in ya sha ruwa ya ƙaru. Ɗakunan da ke faɗa ma mutane cikin Agusta yawancinsu ke nan, kowace shekara a ƙara yaɓe bisa tsohon, indararo ya toshe, kan azarar da ke cikin bango ya ruɓe ba wanda ya gani.

Mai_walda_Tawa

Ni ina nan garin kuma abin da nike gani duk shekara daban ne. Rufin tol ba nauyi ke kashe shi ba, metir kare ɗaya bai wuce ƴan kilo ba, iska ne. Hadarin Mayu da Yuni in ya taso daga gabas da jan ƙurar nan, ba danna rufi yake ba, tsotse shi yake sama, ya fara daga kusurwa da baki, in ya samu taga buɗe ya shiga ciki ya tura daga ƙasa kuma. Na ga rufi ya tashi ɗungum da katakonshi da bulo biyu uku da anka ɗora a kai wai su danne shi, ya sauka gidan maƙwabta, katakon ko ɗaya bai karye ba, ɗaurin ne babu. Don haka tunda ba ku zuba shenaj ba ka gode ma Allah, ka tsaya da kanka a sa ƙarfe 6, wato rodi mai kaurin mili 6, cikin beton, a lanƙwasa shi ya kama ƙarfen shenaj ɗin, a bar kawunan waje wurin da kowane IPN ko katako zai zauna. Waya da anka soka cikin bulo bayan an gama ba ɗauri ba ce. Kuma a ɗaga bango ya rufe bakin tol ta gefe uku, a bar gefen zubar ruwa kawai.

Tib kare kuma ba duka ne tib ba. 40 bisa 40 mai kaurin mili 2, sanda ta metir 6 kilo 14 take kusan. Mai 1,2 ba ta kai kilo 9 ba, daga nesa kamarsu ɗaya, wurin walda wuta na taɓa ta sai ta huje, tsatsa kuma ba ta da abin ci mai yawa kafin ta gama da ita. A sa maka bisa sikeli gabanka. A shafa antiruy, fentin hana tsatsa, kafin a hau da ita, a sake shafawa wurin da anka yi walda, a toshe bakunan don kar ruwa ya kwana ciki. In bak alu, wato tol na alminiyom, za ka sa, a shimfiɗa ƙyallen kwalta tsakaninshi da ƙarfen, don alminiyom in ya haɗu da ƙarfe ga danshi shi ke cinyewa. Kuma kar a ɗaure shi tamau, ƙarfe metir 6 daga sanyin asuba zuwa zafin azahar shina ƙaruwa kamar mili 3, alminiyom ninkin haka, ƙarar nan da kake ji tas tas da rana ke nan.

Maman_Hadiza

Duk kun yi maganar ƙarfi ba wanda ya yi maganar zafi, kuma tsohuwa ce fa za ta zauna ciki. Afrilu da Mayu a Tawa zafi na haura digiri 40, tol ko hannu ba ka iya ɗorawa, ƙarfe yana wuce da zafi nan take, icce da ƙasa su ne ke tare shi. Ɗana don Allah ko me za ka rage kar ka rage plafo, ka ɗaga rufin sama da shi sosai, ka bar ƴan ramuka da raga a bango tsakanin plafo da tol ta gefe biyu don iska mai zafi ya samu mafita. Mahaifiyata ɗakin tol ba plafo ta ƙi kwana ciki sam, ta koma tsohon ɗakinta na ƙasa. Da tun farko ne ma da na ce ka duba ginin nan marar icce, na tubalin ƙasa mai ƙubba da aka fara koya wa magina a garin Cikal na ƙasar Filinge tun 1980, ba katako ba tol, ga sanyi, amma shi bangonsa mai kauri ne, ba a ɗora shi bisa bulo mai kaurin santimetir 15.

Issa_BTP

Hajiya gaskiyarki, plafo da ramukan iska su shiga lissafi tun yanzu.

Ɗan_Adar, shebron biyu ɗaya bisa ɗaya ba su zama 8 bisa 16 ba. In sun lanƙwasa na sama zamewa yake bisa na ƙasa, kowane yana aikinsa shi kaɗai, sau 2 ka samu ba sau 8 ba. Ƙusa ƴan kaɗan ba ta hana wannan zamewar, sai gam na musamman da matsewa irin ta masana'anta. Kuma in za ka sa katako ka duba ƙulli, kar babban ƙulli ya faɗo a ƙasan katakon wajen tsakiya, nan ne ake jan jijiyar, nan yake fara tsagewa. Juya shi ƙullin ya koma sama. Wanda jijiyarsa ta karkace ta fita ta gefe kuma ajiye shi.

Baƙin mai a fata yake tsayawa, ba ya shiga ciki, katakon na tsagewa da hunturu gara ta bi tsagar. Ga wari cikin zafi, ga dauɗar inji da ba ta da kyau ga jiki, ga shi yana taimakon wuta. Sayi maganin katako na gaskiya, a shafa bayan an gama yanka da hudawa, a cika shi a bakuna, kuma kar kan katako ya shige cikin bango ba iska. Kan wuta ma mutane na zaton ƙarfe ba ruwansa, alhali a wajen digiri 600 ya rasa kusan rabin ƙarfinsa sai ya lanƙwashe, katako mai kauri kuwa yana ƙonewa ne daga waje kamar santimetir 2 cikin rabin awa, cikinsa na riƙe da kaya. Amma wannan ga mai kauri ne, siririn shebron da ya sha baƙin mai ba ya cikin wannan magana.

Da ni ne ga yadda zan yi. A salo IPN 100 guda biyu a gicciye ta metir 4 ɗin, ɗaya a metir 2 ɗaya a metir 4 na tsawon, kowane ɗaki kuma guda ɗaya a tsakiya. Bisa su a jera tib 40 mai mili 2, tazara kar ta wuce metir 1, ka ga ba abin da ya tsallake fiye da metir 2. In kuɗin tib bai kai ba shebron ja busasshe mai magani ya isa a wannan nisan. Kan IPN ya zauna bisa beton shenaj aƙalla santimetir 15, ba bisa bulo mai rami ba, a ɗaure da ƙarfe 6 ɗin da mai walda ya faɗa. Shi shenaj ɗin buhu 7 na sima a kubik, tsakuwa wankakkiya, a bar santimetir 2 da rabi na beto ya rufe ƙarfen ta kowane gefe, kuma a yi ta ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7, don a iskan Tawa in ya bushe da wuri ƙarfinsa ba ya cika. Samba ka bar shi wa kofraj da sandunan plafo, kuɗin ja kuma ka kai su ƙofofi.

Manizi_Yamai

Na yarda da wannan tsarin. Ƙari ɗaya kan ƙofofin, iroko ko maɗaci a huda kafin a sa ƙusa ko bis, in ba haka ba bakin allon zai tsage. A shafa barni ko fenti fuska biyu har da sama da ƙasan ƙofar da ba a gani, in fuska ɗaya aka shafa ɗayar ce za ta riƙa shan danshi ita kaɗai ƙofar ta kantare. In cikin hunturu aka haɗa ta, manizin ya bar mili 3 zuwa 4 tsakaninta da kadir ɗin da take shiga ciki ta gefe, don Agusta na zuwa za ta kumbura, kuma ƙasanta ya ɗaga daga daɓe yadda ruwan shara ba zai taɓa ta ba.